GODIYAR NI'IMA DA WADAR ZUCI: DARUSSA DAGA TAFIYAR KWANA 12 A KAN KEKE

(Matanin laccar da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na matasa)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda ni'imominSa suka lulluɓe bayinSa dare da rana, waɗanda suka sani da waɗanda ba su sani ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



GABATARWA

Shugabannin wannan zama sun nemi mu yi magana a kan godiya ga Allah. Da farko mun yi nufin mu jero ma'anar kalmar a lugga da shari'a kamar yadda aka saba, sai muka lura cewa ba jahilcin ma'anarta ne ke damunmu ba, domin yaron da ke aji biyu na Islamiyya ya san cewa godiya wajibi ce. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ganin ni'imar ita kanta. Mutum kuwa ba ya gode wa abin da bai gani ba.

Babu shakka ana cikin matsi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin komai ya tashi, har litar mai ta haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024. Wannan koke gaskiya ne. Amma abin tsoro shi ne yadda koken ya cinye majalisunmu, ta yadda ɗan uwa zai wayi gari da lafiyarsa, ya karya kumallo, ya fito daga gidan da ya kwana cikin aminci, sa'an nan ya yini yana faɗin cewa shi bai ga abin da ya samu a rayuwa ba. Wani kuma ya gwammace ya ci bashi ya zuba mai a mota da a gan shi a kan keke, don kada a ce ya ci baya.

Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu ba ku labarin abin da muka gani da idonmu, mu auna shi da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

ASALIN TAFIYAR

A cikin watan Disamba 2024, wanda ya yi daidai da Jimada Akhir 1446, lokacin hutun makarantu, mu biyar muka ƙudurta ziyartar wani tsohon malaminmu da ke kwance ba lafiya a Yola. Muka yanke shawarar zuwa a kan kekuna, mu riƙa kwana a tanti duk inda dare ya yi mana. Hanyar da muka bi ita ce Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, Alkaleri, Gombe, Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, Numan, sa'an nan Yola, tafiyar kimanin kilomita 700. Ta ɗauke mu kwana 12, har da yini guda da muka huta a Bauchi.

Ba mu ne farau ba, tafiyarmu ma ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da ta wasu. A shekarar 2010 wasu matasa biyu sun tashi daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a kan kekuna domin aikin Hajji, suka bi ta gabashin Afirka da Turkiyya da Siriya da Jodan, suka shafe kimanin wata tara da kilomita kusan 11,000, suna kwana a tanti da masallatai. A shekarar 2023 kuma wani matashi ɗan ƙasar Gini ya tuƙa keke kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu, ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, yana nufin Jami'ar Azhar. Daga Chadi masu taimako suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, aka ba shi gurbin karatu kyauta. Kafin waɗannan duka, kakanninmu sun taka da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna shekaru a hanyar Makka.

Kafin mu tashi mun naɗa ɗaya daga cikinmu amiri, bisa umarnin Manzon Allah (S.A.W.) ga matafiya uku zuwa sama, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Muka kuma yi alkawarin ba za mu yi tafiyar dare ba, ba kuwa wanda zai ware shi kaɗai.

DARASI NA FARKO: NAUYIN KAYA

Ranar da muka ɗaure kaya, kowa ya ɗauko abin da yake ganin rayuwa ba za ta yiwu ba sai da shi. Akwai mai kaftani huɗu gogaggu da takalma biyu. Mu kanmu mun ɗora littattafai biyar masu kauri, da zaton za mu riƙa muɗala'a da dare. Daga Kano zuwa Wudil hanya shimfiɗaɗɗiya ce, ba wanda ya ji komai. Amma a yini na biyu, da iskar hunturu ta tare mu, sai kowane abu da ke bisa kariyar keke ya fara karɓar harajinsa daga cinyoyinmu.

Da muka isa Birnin Kudu, amiri ya sa aka kwance kaya duka aka baje a tabarma. Aka riƙa ɗaga abu ɗaya-ɗaya ana tambayar mai shi ko ya yarda ya hau duwatsun Ningi da shi. A nan muka bar wajen sulusin kayanmu a hannun wani ɗan uwa. Abin da ya rage shi ne tanti biyu, tabarma da bargo ga kowa, tufafi kala biyu, tukunya ɗaya, buta, jarkar ruwa mai lita 5 ga kowane mutum, famfo da kayan faci, tocila, ɗan magani, guzurin abinci da ƙaramin Mus'hafi. Abin mamaki, a cikin kwana goma da suka biyo baya ba mu taɓa jin ɗayanmu ya ambaci wani abu da aka bari a Birnin Kudu ba.

Ya 'yan uwa, a gida ba ma jin nauyin abin da muke tarawa, domin ba ƙafafunmu ke ɗauke da shi ba. Amma nauyin yana nan. Bashi ne ke ɗauke da shi, da zuciyar da ba ta samun natsuwa a cikin salla, da hisabin da ke jiran mai shi. Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa tabarma ta yi wa Manzon Allah (S.A.W.) shaida a jiki, sahabbai suka so su yi masa shimfiɗa mai laushi, sai ya kwatanta zamansa a duniya da na mahayin da ya ɗan fake a inuwar bishiya sa'an nan ya wuce ya bar ta. Mun sha karantar da wannan hadisi a aji. Amma sai da muka riƙa fakewa a gindin tsamiya da tsakar rana, muna tashi mu bar ta ba tare da waiwaye ba, sa'an nan muka fahimci abin da muke karantarwa.

DARASI NA BIYU: RUWA

Lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya ce. Wanda ya ɗauki ruwansa a kan keke ya san wannan lissafi a jikinsa. Tsakanin Ningi da Bauchi mun yi kuskure, muka dogara da wani famfon burtsatse da aka kwatanta mana a wani ƙauye, da muka isa muka tarar ya daɗe da lalacewa. Abin da ya rage mana mu biyar bai kai lita biyu ba, ga busasshiyar iska ta tsattsaga mana leɓɓa. Muka bar ruwan don sha, muka yi taimama, muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru. A nan muka ga cewa rangwamen da shari'a ta yi wa matafiyi, wanda muke karantawa a babin fiƙihu muna hamma, shi ma ni'ima ne da ke neman godiya.

Dab da faɗuwar rana muka hango wata ruga. Wata dattijuwa ta fito mana da ruwan rijiya a ƙwarya, ruwan da a gida da ba za mu yarda a wanke mana hannu da shi ba saboda gurɓacewarsa. Muka tace da gefen rawani muka sha. Wallahi ba mu taɓa faɗin alhamdu lillahi da zuciya ɗaya kamar ta wannan yammaci ba.

A cikin Suratul Waƙi'a, daga aya ta 68 zuwa ta 70, Allah (S.W.T.) Ya tambayi bayinSa game da ruwan da suke sha, ko su ne ke saukar da shi daga girgije, Ya tunatar da su cewa da Ya so da Ya mai da shi ruwan zartsi, sa'an nan Ya zarge su a kan rashin godiya. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana alwala da mudunnabi ɗaya, wato cikin tafukan hannu biyu na matsakaicin mutum, abin da bai kai lita ɗaya ba. To mu tambayi kanmu, lita nawa ke zuba a ƙasa a bakin famfon masallacinmu yayin da mutum ɗaya ke alwala yana hira?

DARASI NA UKU: ABINCI DA WUTA

Guzurinmu bai wuce garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da rana ba, da dare kuma shinkafa da wake da man gyaɗa da yaji, a tukunya ɗaya, hannu biyar. A gida da an kawo mana wannan kwana uku a jere, da uwargida ta ji magana. A hanya kuwa har ƙanzon tukunya rabawa ake yi da adalci. Abincin bai canja ba. Yunwa ta gaskiya ce ta dawo mana da ɗanɗanon da ƙoshi ya ƙwace.

Wannan ya tuna mana da rundunar da Manzon Allah (S.A.W.) ya aika gaɓar teku, mutum 300, ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrahu (R.A.). Guzurinsu ya yi ƙasa har rabon kowane mutum ya koma dabino ɗaya a yini. Da aka tambayi Jabir (R.A.) me dabino ɗaya zai yi wa mutum, sai ya nuna cewa ba su san darajarsa ba sai ranar da shi ma ya ƙare. Buhari ya ruwaito wannan. Haka kuma Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa akan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah (S.A.W.) ba, sai dabino da ruwa, sai kuwa nonon da maƙwabta Ansaru ke aikowa. Wannan shi ne gidan da ya fi kowane gida daraja a bayan ƙasa.

Ita ma wuta ba mu san ni'ima ce ba sai da sanyin asuba ya hana yatsunmu riƙe igiyar tanti. Kara uku da ashana ɗaya suka zama abin da mutum biyar ke kewayewa suna murna. A cikin Suratul Waƙi'a ɗin nan, aya ta 73, Allah Ya ambaci wuta a matsayin tunatarwa, da kuma abin amfani ga matafiya masu sauka a daji.

DARASI NA HUƊU: MAKWANCI DA AMINCI

Ƙa'idarmu ita ce mu isa zango kafin Magariba, mu yi sallama da mai unguwa ko liman, mu bayyana ko su wane ne mu, mu nemi izinin kafa tanti a gefen masallaci ko filin makaranta. Ba mu taɓa kwana a daji nesa da mutane ba, domin tawakkali ba ya kore ɗaukar sababi, kowa kuwa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. A yankin Kaltungo, inda kububuwa ta yi yawa har akwai asibiti na musamman don masu saran maciji, sai da muka share wuri da kyau, muka rufe bakin tanti ruf, da safe kuma ba mai sa takalmi sai ya kakkaɓe shi.

Malamai suna kiran Suratun Nahli da Surar Ni'imomi saboda yawan ni'imomin da aka lissafa a cikinta. A aya ta 80 Allah Ya yi wa bayinSa gori da gidajen da Ya sanya musu wurin natsuwa, sa'an nan da tantunan fata waɗanda ba su da nauyin ɗauka ranar tashi da ranar sauka. Ku duba, ya 'yan uwa, har rashin nauyin tanti sai da Ubangiji Ya lissafa shi cikin ni'ima. To ina ga ɗaki mai rufi da ƙofa da sakata?

Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a wurinsa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne gaba ɗaya. Abubuwa uku ne kacal. A kan hanya kowace safiya mukan ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, mu ga sun cika, mu hau keke da farin ciki. A gida kuwa muna da su duka ukun shekara da shekaru, amma ba mu taɓa ƙidaya su ba. Wani dare, muna kwance sanyin ƙasa yana ratsa tabarma, ɗaya daga cikinmu ya tuna mana da 'yan uwanmu da rikici ya raba da garuruwansu a Borno da Zamfara da sauran wurare, waɗanda suka yi shekaru a tanti da mata da ƙananan yara. Mu muna da ranar komawa gida, mun san ta. Daga wannan dare ba wanda ya sake kukan sanyi.

DARASI NA BIYAR: DATTIJO MAI JARKOKI

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Bayan mako guda a hanya, Shaiɗan ya shigo mana ta wata ƙofa. Muka fara jin cewa mu wasu masu gudun duniya ne, muna kallon masu wucewa cikin motoci da wani irin ido.

Bayan mun haye kogin Gongola a gadar Dindima, mun wuce Alkaleri, sai muka cim ma wani dattijo a kan wani hawa, yana tura tsohon keke wanda fedarsa ta zube sai ƙarfen kawai. Ya ɗaure masa jarkoki huɗu masu lita 25, wato nauyin kilo 100 na ruwa. Muka sauka muka gaishe shi, muka ce Baba kawo mu taya ka. Muna tafe muna turawa ya shaida mana cewa sau biyu yake wannan zirga-zirga kullum, rani da damina, da ita yake ci da iyalinsa. Da ya ji daga Kano muke, sai tausayinmu ya kama shi, ya riƙa cewa sannunku 'ya'yana, har ya nemi ya cika mana jarkokinmu kyauta. Da muka nuna masa damuwa a kan halin kekensa, sai ya yi dariya, ya ce shi kam ya gode wa Allah, domin kafin ya sami keken nan da ka yake ɗauka, jarka ɗaya-ɗaya.

Muka rabu da shi ba mai iya magana a cikinmu. Wahalar da muka zaɓa da kanmu ta kwana 12, muna jin kanmu a kanta, ita ce rayuwarsa ta kullum, kuma ya fi mu godiya nesa ba kusa ba. Muslim ya ruwaito umarnin Manzon Allah (S.A.W.) cewa a sha'anin duniya mutum ya dubi na ƙasa da shi, kada ya dubi na sama da shi, domin hakan ne zai hana shi raina ni'imar Allah a kansa. Mu kuwa mun juya al'amarin. A dukiya muna duban na sama, a ibada muna duban na ƙasa.

Haka nan tsakanin Kaltungo da Cham sarƙar keken ɗayanmu ta tsinke. Wani mai gyara, wanda ba Musulmi ba ne, ya bar abin da yake yi ya haɗa mana ita, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce baƙo ba ya biya a ƙofarsa. Muka yi masa godiya, muka ba 'ya'yansa dabino. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah, hadisin kuwa bai ware wasu mutane ya bar wasu ba.

GYARA KAFIN A YI MANA MUMMUNAR FAHIMTA

Domin kada wani ya tashi daga nan da abin da ba mu faɗa ba, ga abubuwa huɗu:

1. Wahalar da kai ba ibada ba ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya da ƙafa, sai ya bayyana cewa Allah ba Ya bukatar azabtar da kai da wannan mutum ke yi, ya umarce shi ya hau abin hawa. Saboda haka wanda ya je Hajji a keke bai fi wanda ya je a jirgi ba don keken kawai. Suratu Saba'i ma ta ba mu labarin mutanen da aka sauƙaƙe wa tafiya, garuruwa kusa da kusa cikin aminci, suka gaji da sauƙin suka roƙi a nisanta musu zangonsu, aka lissafa wannan cikin zaluntar kai. Mu darasi muka je nema, ba wata sabuwar hanyar ibada muka ƙirƙiro ba. Da muka gama ziyara, a mota muka ɗoro kekunanmu muka komo, domin Sunna ita ce matafiyi ya gaggauta komawa ga iyalinsa idan bukatarsa ta biya.

2. Sauƙaƙa rayuwa ba bara ba ne. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso Makka sai su shiga roƙon mutane, sai aka saukar da umarnin yin guzuri a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

3. Wadar zuci ba lalaci ba ce, ba kuwa yin shiru a kan zalunci ba ne. Godiyar dattijon nan ba ta wanke waɗanda aka ɗora wa amanar samar wa ƙauyensa ruwa ba. Ba ya halatta mai ƙoshi ya ɗauki hadisan zuhudu ya rufe bakin mayunwaci da su. Wa'azin wadar zuci kanmu za mu fara yi wa, mu da muke da abin ragewa.

4. A ji tsoron riya. Abu Musal Ash'ari (R.A.) ya ba da labarin yaƙin Zatur Riƙa'i, inda su shida ke karɓa-karɓa a kan raƙumi ɗaya, har ƙafafunsu suka fashe suka riƙa naɗa musu tsummoki, sa'an nan daga baya ya ƙi jinin cewa ya faɗi labarin, don gudun bayyana aikinsa. To ina ga mu, a zamanin da mutum ba zai sha ruwa a hanya ba sai ya ɗauki hoto ya watsa a waya? Mu kanmu da muke ba ku wannan labari muna neman gafarar Allah daga abin da ya cuɗanya da niyyarmu.

GODIYA BAYAN DAWOWA

Malamai, cikinsu har da Ibnul Ƙayyim wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, sun bayyana cewa godiya tana tsayuwa a kan abubuwa uku: zuciya ta yarda cewa ni'imar daga Allah take, harshe ya ambace ta, gaɓoɓi kuma su yi aiki da ita cikin abin da Mai bayarwa Ya yarda da shi. A aya ta 13 ta Suratu Saba'i an umarci iyalan Annabi Dawuda (A.S.) da su aikata godiya, wato godiya aiki ce. A aya ta 7 ta Suratu Ibrahim kuma Allah Ya rataya ƙarin ni'ima a kan godiya, Ya yi gargaɗin azaba mai tsanani a kan butulci.

Daren farko da muka komo, kowannenmu ya ga gidansa kamar fada. Amma muna shaida muku cewa wannan jin bai wuce mako biyu ba ya fara dusashewa, domin zuciya mai saurin sabo ce. Abin da bai zama aiki ba, ba ya daɗewa. Don haka muke ba kanmu da ku shawarwari kamar haka, ba kuwa sai mutum ya je Yola a keke ba:

Na farko, kowa ya baje kayan ɗakinsa kamar yadda muka yi a Birnin Kudu. Tufar da ta shekara ba a sa ta ba, akwai mai bukatarta a unguwa tun kafin sanyi ya shigo.

Na biyu, mu koma alwala da buta, mu gyara famfunan masallatanmu da ke zuba. Waɗanda Allah Ya hore wa, su haɗa kuɗi su gyara burtsatse ɗaya da ya lalace a ƙauye mafi kusa da su, domin sau da yawa abin da ya kashe shi ɗan ƙaramin ƙarfe ne.

Na uku, kada mu ci bashi don idon mutane, ko a abin hawa, ko a lefe, ko a walima. Wanda ƙarfinsa na keke ne ya hau kekensa, ya karanta addu'ar hawa kamar yadda mai mota ke karantawa. Mu kuma mu daina yi masa kallon wanda ya ci baya.

Na huɗu, kowace safiya mai gida ya ƙidaya wa iyalinsa abubuwa ukun nan: aminci, lafiya da abincin yini. Idan sun cika a gode wa Allah, sa'an nan a leƙa maƙwabcin da ɗaya daga ciki ya ɓace masa.

KAMMALAWA

Mun haye gadar Numan, inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai, muka isa Yola a yini na 12. Muka sami malaminmu a kan tabarma, jiki ya yi rauni ƙwarai. Da muka tambaye shi jiki, bai ambaci ciwo ba, sai ya shiga lissafa mana abin da Allah Ya bar masa: ga ido yana ganin Mus'hafi, ga harshe yana zikiri, ga almajirai sun zo gaishe shi daga Kano. Abin da muka yi kilomita 700 muna koyo, shi yana kwance a ɗakinsa ya riga mu saninsa.

Muna roƙon Allah Ya sanya mu cikin bayinSa 'yan kaɗan masu godiya, Ya wadata zukatanmu da halal, Ya tsare mu daga butulci da riya. Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu gida cikin aminci, Ya sassauta wa al'umma wannan matsi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan.